Sista Glenys, Wadda Ta Tare Mana Ƙofa

Ƙarfe bakwai saura kwata take ajiye motarta a bayan ƙaramin asibitin ƙirji na garinmu, wata tsohuwar farar mota da ko yara sun san kukan salansarta. Ta hau bene, ta ɗora ruwan zafi, ta buɗe taga ko da sanyin Yuli, tsakiyar hunturunmu a nan, yana yankar kunne. Daga nan ba ofis take shiga ba. Kujera take jawowa ta dasa a bakin matakala daga sama, kofin shayi a hannu, ta zauna kamar mai jiran bas.

Matakalar taki goma sha tara ce, da ɗan fili a tsakiya inda aka kafa allon sanarwa. Akwai na'urar hawa a bayan ginin don marasa ƙarfi, amma namiji a garin nan gara ya faɗi a matakala da a gan shi a cikinta. Allon kuwa babu komai a kansa sai takardar gasar kamun kifi da aka yi aka gama shekara tara da suka wuce. Sau uku masu shara suna cire ta, sau uku tana mayarwa. Domin duk wanda ya kai filin nan ya tsaya, ya goya hannu a baya, ya duƙufa karanta sanarwar kamar yau aka liƙa ta, Sista Glenys Hoekstra ta san ba kifi ne ya dame shi ba. Numfashi yake nema, kuma ba ya so a gani.

Sai ta leƙo ta ce, "Wa ya ci gasar, Barry?"

"Ke dai Sista, igiyar takalmi nake ɗaurewa."

"Takalmin da ba shi da igiya? Hawo a hankali, ba guduwa zan yi ba."

Da rana ta yi, waɗanda matakalar ta riga ta fi ƙarfinsu ita take bin su gida da jakarta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan. Ranar Juma'a za ta miƙa mabuɗi ta tafi hutawa.

Sunana Trevor Zammit. Ina ɗan shekara goma sha biyar na bar makaranta, malamai ba su yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Da kwamitin tsofaffin ma'aikata suka ce in rubuta wani abu a kanta a takardarmu ta wata-wata, na ce su nemi mai iya rubutu. Suka ce duk kwarin nan babu wanda ya yi faɗa da ita kamar ni, saboda haka ni ya kamata. Na duba, na ga gaskiyarsu.

Wanda ya girma a nan ya san aikin da muka yi. Mu ne masu naɗe bututun tururi a tsohuwar tashar wuta, wadda yanzu ko tubali ɗaya nata bai rage ba. Asbestos, wani farin gari mai zare-zare da ke tare zafi, yana zuwa a buhu, mu juye a baho, mu zuba ruwa, mu kwaɓa da hannu kamar masu yin burodi, mu shafe bututu don kada zafi ya tsere. Wanda ya tsufa mu fasa da guduma mu sa sabo. Lokacin shan shayi muna dunƙula shi muna jifan juna. Mu tashi aiki fari fat har gira, mu hau keke mu tafi gida a haka. Ba zan tsaya nan a kan wa ya sani wa bai sani ba, an yi wannan maganar a inda ake yin ta. Abin da na sani shi ne ƙurar ta shiga, kuma ba ta fita.

Ita ma Sista ba baƙuwar ƙurar ba ce. Mahaifinta, tsoho Piet, da shi aka naɗe bututun farko tun kafin a haife ni. Tana da shekara ashirin da shida ya rasu a kujerar falo, a zaune, don kwanciya ta gagare shi. Ba ta cika ba da labarin ba. Amma idan ta ɗora maka abin sauraron ƙirji a gadon baya, can ƙasa, ta rufe ido ta ce ja numfashi, ka san ba a littafi kawai ta koyi abin da take nema ba. Ta taɓa ba ni na saurari bayan wani abokina, da izininsa. Wata 'yar ƙara ce, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ka murza gashin kanka kusa da kunne. Ta ce huhu ne ya yi tabo ya ƙame, ya daina buɗewa kamar da.

Takan ce ciwon nan yana da haƙuri, yana iya kwanciya shekara ashirin, talatin, har arba'in bai motsa ba. Kuma a wajen maza alamarsa ta farko ba a ƙirji take fitowa ba, a baki take fitowa. Mutum ya fara haki idan ya tura injin yanke ciyawa, sai ya ce tsufa ne. Busasshen tari ya kama shi wata uku, babu majina babu zazzaɓi, ya ce taba ce, alhali ya bar taba tun bikin 'yarsa. Wani ciwo ya zauna masa a haƙarƙari ko ƙarƙashin allon kafaɗa, ba mai suka ba, mai nauyi kamar an jingina masa bulo, ya ce kwanciya ce bai yi daidai ba. Ya rame, ya huda sabon rami a bel, ya riƙa alfahari wai tumbi ya tafi. Ya wayi gari zanin gado jiƙe sharkaf da gumi a tsakiyar sanyi, ya ce bargon ne ya yi kauri. Kowace alama akwai ƙaryar da muka tanadar mata. Na sani, don rabinsu ni na ƙirƙiro.

Sai kuma maganar farce, wadda duk garin nan ya san ta da ita. Ka haɗa manuniyarka ta dama da ta hagu, farce ya jingina da farce, baya da baya, ka ɗaga wajen haske. A lafiyayyen hannu akwai wata 'yar kafa da ke ragewa a gindin faratan biyu, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, haske na ratsawa. Ita take kira taga. Idan kan yatsa ya dunƙule, farce ya lanƙwashe kamar bayan cokali, sai tagar ta rufe. "Taga a buɗe ba ta ce ka tsira ba," in ji ta, "a rufe kuma ba ta ce ka haƙa kabari ba. Cewa ta yi ka je a ɗauki hoton ƙirjinka, kada ka jira." Har abin ya zama gaisuwa. Ka gamu da ita a kanti ko a filin ƙwallo, ka ɗaga mata yatsu biyu a haɗe, ita kuma ta kanne ido ɗaya ta duba ta ce, "Wuce, sai ranar awonka."

Ba kowa ta ce wa wuce ba. Kel Dray, wanda muka yi shekara goma sha ɗaya a kan tsani ɗaya, ya zo mata da ciwon gefe da ya yi wata huɗu yana shafa wa man zafi. Hoto ya nuna ruwa ya cika masa gefen ƙirji guda. Aka zuƙe, ya sake taruwa. Mugun nau'in ciwon ne, mai kama fatar da ta lulluɓe huhu, wanda har yau ba a samo abin da ke warkar da shi ba. Matarsa Dot tana wurin, ita ta ba ni labari. Likita ya yi ta zagaye-zagaye da manyan kalmomi, ya fita. Kel ya juya ya ce, "Sista, ke faɗa mini da yaren mutane."

Ta ce, "Jikar nan taka ta Perth da kake cewa za ka je gani a Kirsimeti. Ka tafi wannan watan."

Ya ce, "Haka abin yake?"

"Haka yake, Kel."

Ya tafi, ya ɗauki jaririyar a hannunsa, ya dawo da hoto. Bai kai Kirsimeti ba. A makonninsa na ƙarshe, duk Asabar, ranar hutunta, tana gidansu tana nuna wa Dot yadda ake jera matashi a bayansa, da yadda ake juyo fanka ta busa masa a fuska idan numfashi ya sarƙe. Babu wanda ya aike ta.

To, yanzu nawa. Ban so faɗa ba, amma in ban faɗa ba wannan rubutun ƙarya ne.

Shekara biyar da suka wuce aikin da nake yi a lokacin ya ƙare, aka sallame mu. Ni da matata Lorraine muka yi abin da kowa ke yi a nan idan ya samu kansa: muka sayi tirela mai ɗaki, tafi-da-gidanka, muka ce ɗaya ga Mayu, kafin sanyi ya sauka, za mu nufi arewa mu zagaye ƙasar, shekara guda cur. Tun farkon aurenmu Lorraine take da hoton bakin tekun Broome a jikin firji, har ya koɗe. Ni kuwa wata huɗu ina kwance ƙarƙashin tirelar nan, ina gyara birki, ina sa tankin ruwa, ina ɗaura farantin sola. Ba na jin kira.

Duk shekara ina zuwa awo wurin Sista. Akwai 'yan tabo a fatar huhuna, irin waɗanda ba su cika yin komai ba, ana dai sa musu ido. In hau matakala, in hura bututu har idona ya yi ja, in nuna taga, in sauko. Lorraine kuma tana cikin mota a ƙasa tana saƙa, tana jirana. Shekara goma sha huɗu a haka. Sau nawa Sista tana ce mana, "Ku zo mini da matanku." Mu yi dariya. A ganinmu ciwon na masu katin aiki ne. Mu muka shiga tasha, mu muka sha ƙura, har wata irin taƙama muke yi da shi kamar sojan da ya dawo da tabo. Me ya haɗa mace da shi? Na taɓa ce mata, "Sista, tawa ko ƙofar tashar ba ta taɓa tsallakawa ba." Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Zammit, kanka da bututun da ka naɗe ban san wanda ya fi tauri ba."

A tsakiyar Afrilu aka yi mana ɗan shayin bankwana a zauren coci. Kowace mace ta zo da faranti. Lorraine ta yi kek ɗinta mai kwakwa, ta ɗauko tana zagayawa da shi. Da ta zo gaban Sista ta miƙa, Sista ba ta ɗauki kek ba. Farantin ta karɓe ta ajiye, ta kama hannun, ta juya yatsun sama da ƙasa.

"Lorraine, yaushe faratanki suka koma haka?"

"Wanke-wanke ne, Glenys. Ga tsufa."

"Tarin nan da na ji kina yi a kicin fa?"

"Hayaƙin kwal ne. Wa ba ya tari a kwarin nan?"

Kun ji ko? Har ƙaryar tamu ta koya.

Washegari Sista ta kira gida ta ce ta samo wa Lorraine ranar hoto a babban asibiti, tara ga Mayu. Ni na ɗauki wayar. Na ce tara ga Mayu muna can tsakiyar hamada, in mun dawo baɗi a yi. Ta ce shekara ta yi yawa. Na ce to za mu tsaya a wani gari a hanya. Ta ce, "Ƙarya kake, ba za ka tsaya ba, na san ka." Na ce matata ba ta taɓa shan taba ba, ba ta taɓa aikin tasha ba, kuma ita Sista ta daɗe tana neman ciwo har ta fara ganinsa a farantin kek. Na kife wayar. Ban gaya wa Lorraine an sa rana ba. Abin da na yi ke nan, ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Ranar ɗaya ga Mayu, ƙarfe takwas na safe, na gama loda kaya, na ɗaura tirela, na tada mota. Ina ɗaga kai sai ga farar motar nan a gicciye a bakin ƙofar gidana, hanci a jikin akwatin wasiƙa, gindi a jikin shinge. Ko keke ba zai wuce ba. Ita kuma tana zaune a kan bonet da fulas ɗin shayi.

Na fito ina huci. "Sista, janye wannan gwangwanin!"

"Ina kwana, Trevor."

"Zan kira 'yan sanda."

"Kira mana. Ka gaishe mini da sajan, ka ce ina gaida babansa."

Maƙwabta suka fara leƙowa. Dot, daga tsallaken titi, har da fito da kujera.

Lorraine ta sauko daga mota ta ce lafiya? Sista ta ce, "Tara ga wata, ƙarfe goma, hoton ƙirjinki. Bai gaya miki ba ko?" Lorraine ta dube ni. Shekara talatin da biyu da aure ban taɓa ganin wannan kallon ba, ba na kuma fatan in sake gani. Amma abin da ta faɗa ya fi kallon taɓa ni. Ta juya ta ce, "Glenys, don Allah bari mu tafi. Shekara talatin ina jira. In ma wani abu ne, gara ban sani ba sai na ga tekun."

Ashe ta san jikinta ba daidai yake ba. Ashe shi ya sa ta koma shanya kaɗan-kaɗan, don ɗaga jiƙaƙƙen zanin gado yana sa ta haki. Ɓoyewa take yi don kada ta ɓata mini tafiya.

Sista ta ce, "Ku zo nan ku biyun. Kai, nuna taga." Na haɗa yatsu, don jiki ya saba. Ga haske nan, ƙwayar shinkafa. "Lorraine, ke ma." Ta haɗa, ta ɗaga wajen rana. Babu. Farce ya manne da farce kamar an sa gam. Hannun da nake riƙewa duk Lahadi a coci, ban taɓa lura kan yatsunsa sun dunƙule ba. Ni da na shekara goma sha huɗu ina nuna wa duniya tawa tagar.

Sannan ta yi nuni da haɓa zuwa bayan gida, inda ƙarfen shanya yake tsaye, ta ce, "Trevor, da kana tasha, wa ke wanke rigar aikinka?"

Na ce ita.

"Kafin ta jiƙa, me take yi?"

Lorraine ce ta amsa, a hankali. "Kakkaɓewa nake yi. A jikin ƙarfen can."

"Kullum?"

"Litinin da Alhamis. Shi ya ce in riƙa kakkaɓewa sosai, kada ƙurar ta toshe injin wanki."

Ni na faɗa. Na tuna ranar. Sabon inji ne, ina ji da shi. Na tuna ta tsaye da cikin 'yarmu ta fari, ta kama rigar a kafaɗu tana maka ta a jikin ƙarfe, ƙura na tashi cikin hasken rana kamar gari, tana tari tana dariya, girarta ta yi fari kamar tawa. Ta juya aljihu ta zazzage. Ta ɗauko tsintsiya ta share wurin. Shekara shida tana wannan, sau biyu a sati.

Sista ta sauko daga kan bonet. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba ta je tasha ba, gaskiyarka. Kai ka riƙa kawo mata tashar gida a jikinka. Na san yadda ake yi, don ni ma na kakkaɓe ta babana tun ina 'yar shekara tara. Wancan ba laifinka ba ne, ba ka sani ba. Na yau ne zai zama naka." Ta kama Lorraine a kafaɗa ta ce, "Tekun nan ba inda za shi, 'yar'uwa. Ni dai ba na janye motar nan sai na ga an kwance wannan tirelar."

Ni na kwance ta da hannuna. Sau biyu fil ɗin da ke haɗa ta da mota yana suɓuce mini.

Hoto ya nuna ƙari a saman huhun dama, kamar ƙwan tantabara. Sankara ce. A fatar huhun kuma ga tabon ƙura nan, irin nawa sak, a ƙirjin matar da ba ta taɓa riƙe katin aiki ba. Amma abin bai bazu ba. A Melbourne aka yi tiyata, aka cire kashi ɗaya cikin uku na huhun. Likitan, wani dogo da ba ya dariya, ya ce mini da mun yi shekarar nan a hanya, da abin da za mu kawo masa ya wuce aikin wuƙa. Na fita na zauna a mota, na yi abin da ban yi ba ranar jana'izar ubana.

Da Lorraine ta dawo gida, Sista ta riƙa biyowa tana sa ta tafiya: yau zuwa akwatin wasiƙa, jibi zuwa kwanar layi, daga baya har kanti. Ni kuwa wata biyu ba ta ce mini uffan ba a kan wayar da na kife mata. Da abin ya ishe ni, na je na hau matakalar ba ranar awona ba, na tsaya gabanta ina murza hula. Na ce, "Sista, na zo ne in ce..."

Ta ce, "Na ji. In da gaske kake, ga aiki. Mazan nan ba sa jin maganata a kan matansu. Kai za su ji, don sun san ba ka da kunya."

Haka na riƙa miƙewa a taron tsofaffin ma'aikata ina faɗin abin da na yi, har da maganar injin wanki. Babu wanda ya yi dariya. Sista ta ware Alhamis don mata: matan aure, waɗanda mazansu suka rasu, 'ya'ya mata da suka yi wa ubanninsu wanki, har da waɗanda suka riƙa rungumar uba a bakin ƙofa kafin ya tuɓe riga. Yawancinsu ba a ga komai ba, suka koma gida hankali kwance. Uku aka samu da ciwon. Biyu suna nan, ɗaya jiya ma na gan ta tana rigima da mai nama. Ta ukun an makara. Sista ta je jana'izarta, ta tsaya can baya kamar yadda take tsayawa a dukkansu. Ban san nawa ta halarta ba. Ita ta sani, amma ba ta faɗa.

Wata takwas bayan tiyata, muna karin safe, Lorraine ta ce, "Trev, duba." Ta haɗa yatsu ta ɗaga wajen tagar kicin. Ga wani ɗan haske siriri kamar zare ya dawo. Na kira Sista ina ihu kamar ƙungiyarmu ta ci kofi. Ta ce haka yakan yi wani lokaci idan an cire abin da ya jawo shi, kuma in daina mata ihu a kunne tana da mutum a gabanta. Broome kuwa mun je, shekara biyu a makare. Lorraine ta shiga ruwan har gwiwa, ta tsaya ta daɗe, ta ce ya fi na hoto kyau, sai dai hoton ba shi da ƙuda.

Sista Glenys, ke ce ta bakin matakala. Ke ce kika san tarin kowa a garin nan tun bai shigo ƙofa ba. Ba a taɓa sa hotonki a jarida ba, babu titin da aka sa wa sunanki, kuma na san in aka gwada faɗa za ki yi. Kin sha zagi daga mutanen da kike ƙoƙarin riƙe wa rai, nawa ya fi na kowa muni. Waɗanda za a iya cetowa kin kora su da sauri, waɗanda ba za a iya ba kin faɗa musu gaskiya kin zauna da su. Duk safiyar da na ji Lorraine tana buga tukwane a kicin tana mita na bar takalmi a hanya, ke nake tunawa. Ba ni da kalmar da ta kai. Na gode. Mun gode.

Ku kuma 'yan'uwana masu taurin kai, ba wa'azi na iya ba. Idan numfashi ya fara yanke maka a inda da ba ya yi, idan tari ya zauna ya ƙi tashi, idan gefe ya yi nauyi ko wando ya fara zamewa ba ka rage ci ba, kada ka nemo masa suna a kanka. Je a duba. Kuma kada ka je kai kaɗai. Ka tuna wa ya kakkaɓe rigarka, ka sa ta a gaba, ku hau matakalar tare. Masu gyaran tsofaffin gidaje, kafin ku sa zarto a bango ko silin, ku tambaya da me aka yi shi, don rabin gidajen garin nan da abin nan aka gina su. Ke kuma Sista Tamsin da za ki gaje ta, ki bar takardar kifin nan a inda take, kujerar ma kada a matsar. Ba sai kin iya faɗa irin nata ba, amma ki koyi kallon hannun wanda ya miƙo miki faranti.

Saura magana ɗaya, Sista, kuma ke nake yi wa ita a gaban kowa. Makon jiya Lorraine ta tambaye ki yaushe rabonki da hoton ƙirji, ke da kika kakkaɓe rigar tsoho Piet tun kina 'yar shekara tara. Kika ce aiki ya yi yawa, kika juya zance ya koma kan tumatir. Mun san wannan amsar, mu muka ƙirƙiro ta. Kuma an ce Litinin za ki hau jirgin ruwa zuwa Tasmania wurin ƙanwarki, wata uku.

An samo miki ranar hoto, Laraba ƙarfe goma. Jiya na je na auna ƙofar gidanki. Litinin da safe tirelarmu za ta rufe ta har da rabin shingen maƙwabci. Lorraine ta ce ita za ta kawo fulas, Dot kuma ta riga ta sa kujerarta a mota.